Fayil ɗin Injiniya da Dashen Tumatirin Yaya

Na daɗe da yanke hukunci cewa tarihin ɗan Adam gaba ɗayansa, in aka tankaɗe shi aka zubar da dusa, abu biyu ne ke saura a faifai: ƙofa, da wanda aka ba ajiyar mabuɗinta. Daulolin da muke karantarwa a aji sun tsaya ne saboda wani ya tsare ƙofa, sun kuma faɗi ranar da wani ya bar ta a buɗe ya tafi cin abinci. Na so a ce a wani babban littafi na tsinci wannan fahimta. Gaskiyar magana, wani ɗan fayil ne ya koya min ita, shi da tumatirin yayana.

Shekarun baya kaɗan, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a ƙasar Bunkure, manoman ranin yankinmu suka naɗa ni sakataren ƙungiyarsu, wato ta masu shan ruwa daga reshen kanal ɗaya. Ba don na fi su sanin ƙasa ba, ni da nake sanin ta a taswira. Sun dai lura biro ba ya rabuwa da aljihuna, kuma ina karanta takardar Turanci ba tare da na bi layi da yatsa ba. Aikina shi ne in karɓi sanarwa daga ofishin ruwa, in juya ta da Hausa, in faɗa wa jama'a a ƙofar masallaci.

A farkon ranin shekarar, magana ta bazu cewa za a rufe babban kanal na kusan mako biyu, a yashe shi, a kwashe ciyawar kacallar da ta cike shi. Kowa ya yarda za a rufe. Abin da ba wanda ya sani shi ne yaushe. Ga wanda ba manomi ba, wannan hirar teburin mai shayi ce. Ga yayana kuwa, shekararsa ce sukutum. Irin tumatirinsa ya yi mako huɗu a wurin reno, ya isa dashe. In ya dasa aka ɗauke ruwa a kwanakin farko, dashen zai ƙone a fangali tun bai kama ƙasa ba. In ya tsaya jira, irin zai tsufa a reno, ya yi dogon wuya, ya tashi daga aiki. Kuma daga wannan gonar gidansa ke ci, mahaifiyarmu ke ci, ni ma mai taƙama da albashi, da wata ya raba tsakiya can nake komawa in yi sallama da murya mai laushi.

Yaya ya riga ya yi magana da masu dashe. Sun ce Asabar suna da sarari, amma ya tabbatar musu kafin ranar Alhamis ta faɗi, in ba haka ba za su wuce gonar wani a Garun Mallam.

Ranar Talata da hantsi, injiniyan da ke kula da yankinmu ya turo fayil a guruf ɗinmu na sakatarori, a wannan manhajar hira da kowa ke da ita a waya. Ya rubuta a ƙasa: "Ga jadawalin rufe ruwa, kowa ya duba yankinsa." Nan da nan amsoshi suka fara zubowa. Madalla. Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wani ya turo hoton babban yatsa har guda uku. Ni kuwa, a matsayina na malami, na ga bai dace in tsaya a madalla kamar kowa ba. Na gyara zama na rubuta: "An karɓa, an duba, ya yi tsari ƙwarai."

Sannan na danna don in duba.

Abin da ya fito shafi ɗaya ne: kanun magana da manyan haruffa, hoton kanal cike da ruwa irin wanda ban taɓa gani da idona ba, sai wani shuɗin maɓalli a tsakiya da aka rubuta a kansa cewa ka danna nan ka zaɓi yankinka. Na danna. Bai motsa ba. Na danna da babban yatsa, na danna da ɗan ali, na goge fuskar wayar da bakin riga na sake dannawa. Na ce to, waya ce, abin ya fi ƙarfinta. Da na koma gida na ɗauko tsohuwar laftof ɗina, na buɗe manhajar hirar a kanta, na sauke fayil ɗin.

Nan na haɗu da mai gadi. Wani jan layi ne ya gitta a saman shafin, yana sanar da ni cikin ladabin da babu wasa a ciki cewa an hana abin da ke cikin wannan fayil yin aiki, domin ba a amince da inda ya fito ba.

Mutum mai hankali, a wannan gaɓar, tambayar da zai yi ita ce: yaya zan buɗe? Ni tambayar da ta kama ni daban ce, kuma ta riƙe ni kwana biyu: ta yaya ta sani? Fayilolin da na rubuta da hannuna suna buɗewa ba gardama. Wannan kuwa kamanninsu ɗaya, amma kwamfutar ta ware shi. Me ta gani a jikinsa? Na canza masa suna, na sa masa sunan takardar jarrabawar 'yan aji biyu. Ta gane shi. Na ɗauke shi daga inda ya sauka na cusa shi cikin tsofaffin takarduna, ko zai saje da 'yan gida. Ta gane shi. Na kashe ta na kunna, da tunanin ko za ta manta. Ba ta manta ba. Ban ɓoye muku ba, abin ya burge ni fiye da yadda ya ɓata min rai. Ina da ɗalibai da ba sa gane ni in na canza hula.

Laraba da yamma muka haɗu da Yaya a ɗakin mahaifiyarmu, ya dawo daga gona, taɓo har gwiwa.

"Sakatare," in ji shi, don haka yake kirana in yana son ya ji daɗi, "me takardar ta ce?"

"Ta iso, Yaya. Ana kan nazari."

"Nazarin me? Rana ce fa. Ko Litinin ko Talata."

"Ranar tana ciki. Kwamfutar ce ta kulle ta."

Mahaifiyata ta ɗago daga tsinar shinkafar da take yi. "Wa ya kulle?"

"Ba kowa, Inna. Ita da kanta."

"Abin da ka saya da guminka, shi ya hana ka karanta wasiƙarka?" Ta mayar da kai kan faranti. "To, Allah ya kyauta. Boko ya yi nisa."

Yaya ya ce, "Ka kira mutumin mana, ya faɗa maka da baki."

Na yi wani dogon bayani a kan yawan aikin injiniyoyi da rashin dacewar damun su. Abin da ban faɗa ba shi ne, mutumin da ya rubuta a gaban sakatarori sama da ashirin cewa an duba, ya yi tsari ƙwarai, ba shi da bakin da zai kira ya ce, ranka ya daɗe, me ke ciki?

Yaya ya dube ni ya ce, "Mu dai in ruwa ya ƙi zuwa, mun san abin da muke yi wa kwaɗo."

Wannan gatse ne, kuma ya same ni. A yankinmu kowace ƙofar ruwa da ke bakin reshen kanal tana da kwaɗo, mabuɗin yana hannun mai kula da ita. In amfanin gona ya fara laushi mai mabuɗi bai zo ba, akan sami wani ya zo da guduma. Ruwan sai ya kwararo ba awo, na kusa su sha har ya yi musu yawa, na ƙarshen layi su wayi gari a bushe. Wata guda kafin nan na yi jawabi a kan haka a taron ƙungiya, jawabi mai gabatarwa da kammalawa, inda na ce al'ummar da ke fasa kwaɗo don buƙatar yini ɗaya ta sayar da tsarinta. An tafa min. Yaya yana sahun gaba.

Alhamis da safe ina da sarari tsakanin darasi na biyu da na huɗu. Na zauna a ofishin malamai, na buɗe laftof, na ɗauko gudumata. Na shiga saiti na nemo duk abin da ke da hoton garkuwa ko kwaɗo. Manhajar da ke farautar bairos, na kashe ta. Katangar da ke tace abin da ke shigowa daga intanet, na sauke ta. Wani abu da ke gargaɗi kafin a buɗe baƙon abu, ban ma gama fahimtar aikinsa ba, shi ma na sallame shi. Kowanne sai kwamfutar ta tambaye ni, ka tabbata? Ni kuma in amsa mata da ƙarfin zuciyar wanda bai san abin da ake tambayarsa ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa, laftof ɗina ta zama gidan da aka cire wa ƙyaure, aka cire taga, aka ba kare hutu.

Na buɗe fayil ɗin. Jan layin yana nan inda na bar shi.

Ana tashi daga makaranta na hau babur zuwa Kura, wurin abokina. Tare muka yi makarantar horon malamai, shi ya gane gaskiya da wuri ya buɗe shagon buga takardu da gyaran kwamfuta. Na ajiye laftof a teburinsa na ba shi labari, na ɗan rage wasu wurare. Ya leƙa saitin, ya sake leƙawa.

"Malam, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani ne."

"Wanin nan maƙiyinka ne. In ka gan shi ka daina gaisawa da shi." Ya cire wayar intanet ɗin da ya fara miƙo min ya mayar aljihun tebur. "Ba za ta hau layina a haka ba. Tsirara fa ka kawo ta."

Ya ɗauki kusan rabin sa'a yana mayar da ƙyauren da na ciccire, yana yi yana tsaki. Ni kuwa abin da ke cina na nan. Na ce, "Mutumina, kafin komai, ka faɗa min abu ɗaya. Ta yaya take gane shi? Na canza masa suna, na canza masa wuri."

Nan fuskarsa ta saki, don shi ma malami ne da aka rasa. Ya ce duk fayil ɗin da ya shigo daga waje, ko ta manhajar hira ko ta wani shafi, a bakin ƙofa ake liƙa masa wata 'yar alama da ido ba ya gani, mai cewa wannan baƙo ne. Ko ka canza masa suna tana jikinsa. In baƙon takarda ce zalla, a bar ka ka karanta. Amma irin wannan mai maɓalli, akwai ɗan umarni a cikinsa da ke iya sa kwamfuta aiki da kanta, kuma ta wannan hanyar ɓarayi suka fi shigowa. Shi ya sa ake riƙe masa hannu.

"Kamar a ƙauyenku ne," in ji shi. "In baƙo ya sauka da jaka, mai unguwa ba ya korar sa, ba ya kuma ba shi ɗaki. Cewa yake, baƙon wa ne? Sai wani ya fito ya ce nawa ne, na san shi. Kai kuma da aka tambaye ka baƙon wa ne, sai ka je ka rushe ganuwar gari."

Ya nuna min inda ake amsawa. A cikin bayanan fayil ɗin, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati da bai kai ƙwayar masara ba. In ka sa masa alama, ka ce baƙonka ne, shi kaɗai za a sake, sauran tsaro na nan daram. Na miƙa hannu, ya riƙe linzamin kwamfutar.

"Tsaya. Ka san shi?"

"Injiniya ne ya turo."

"Lambarsa ce ta turo. Ka ji daga bakinsa? An sha ƙwace wa mutum lamba a yi ta aika wa jama'arsa kaya da sunansa. Kira shi."

Agogon shagon ya nuna uku ta wuce. Na tuna masu dashe, na tuna Garun Mallam. Na ajiye girman kan da na riƙe tun Talata, na kira.

"Ranka ya daɗe, sakataren reshenmu ne. Wannan fayil ɗin, kai ka turo shi?"

"Ni ne, Malam. Ai na ga ka ce ya yi tsari."

"Ya yi, ya yi. Wato... ranar da za a rufe namu yankin nake son in ƙara tabbatarwa."

Sai ya rage murya. "Malam, tsakanina da kai, a wayata bai buɗe ba. Daga babban ofis aka turo min, na tura muku. Da na ga amsarka sai hankalina ya kwanta, na ce tunda Malam ya duba, shi ke nan. Ina ma shirin kiranka ka karanto min."

Abokina ya juya baya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, kafaɗunsa na rawa.

Ya bincike fayil ɗin da manhajar da ya dawo da ita bakin aiki, bai ga komai ba, sannan ya sakar min linzamin. Na sa alamar. Jan layin ya ɓace kamar bai taɓa zama ba. Na danna shuɗin maɓallin, ya amsa, jerin yankuna ya sauko, na zaɓi namu. Tsakani da Allah aikin ya yi kyau: ga sunan reshe, ga tsawonsa, ga launi daban-daban. A gurbin ranar rufe ruwa kuwa an rubuta: za a sanar. Na duba yankin da ke gaba da mu. Za a sanar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, da irin haƙurin da nake duba takardun jarrabawa. Amsa ɗaya suka kwafa dukkansu.

Na sami Yaya a bakin reno bayan La'asar, yana tsugune yana shafa kan irin da tafin hannu. Na faɗa masa komai, har da abin da na rage wa abokina. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce, "Tada babur. Kai ni Kadawa."

"Ofishin ruwa? Ai an tashi."

"Wa ya ce maka ofis?"

Ya sa na bi ta gefen kanal har wani fili da ake ajiye katafilar da ke yashe shi. Tana nan, ta kafa dogon hannunta a ƙasa. Sarƙar ƙafarta ɗaya a kwance take gefe, ciyawa ta fito ta tsakanin haƙoranta. A cikin babban cokalin da take kwasar laka da shi, mai gadin wurin ya shimfiɗa buhu ya shanya tattasai. Yaya ya yi masa sallama, suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya nuna tattasan da haɓa.

"Baba, wannan zai bushe kuwa kafin a zo ɗaukar motar?"

Tsohon ya yi dariya. "Wannan zubi na biyu ke nan, ɗana. Akwai na uku a gida yana jiran layi."

A hanyar dawowa Yaya ya yi magana a bayana, iska na ɗauke rabinta. "Ba a rufe ruwa sai wannan ta tashi. Ko yau aka kawo mata ƙafa, sai ta yi mako biyu. Kafin nan nawa ya kama ƙasa." Ya sa na tsaya a ƙofar gidan shugabar masu dashe, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ya leƙa zaure ya ce a gaya mata Asabar tana nan.

An yi dashe ranar Asabar. Kwana goma sha huɗu da suka biyo baya, na canza hanyar zuwa makaranta, ina zagayawa ta bakin kanal kowace safiya don in ga ruwa na tafiya. Lissafin Yaya lissafi ne mai kyau, amma ba alkawari ba ne. In an aro wata katafilar daga wani wuri, ni ne sakataren da ya ɓata kwana biyu yana mamakin basirar kwamfuta.

Yanzu in na tuna, ba wautar kashe tsaron ce ta fi tsaya min ba, duk da ita ma tana da matsayinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a duk wannan silsila, daga babban ofis zuwa injiniya, zuwa sakatarori, zuwa ni, ba wanda ya tsaya ya tambayi komai sai jan layin nan. Malamanmu na da, kafin su karɓi magana, sai sun bi wa ya ji daga wa, kuma shi wanda ya faɗa ya ji da kunnensa ko shi ma cewa aka yi. Mu kuwa kowa ya miƙa wa na gaba da madalla, kowa ya jingina da wanda yake zaton ya duba, ni ne ma na sa hannu a madadin kowa. Na'urar da na yi kwana biyu ina yaƙi da ita, tambayarta ɗaya ce, kuma mai kyau: ka san shi? Na fasa duk kwaɗon gidan don kada in amsa.

Tun daga lokacin, in fayil ya zo min da jan layi, ba na taɓa saiti. Ina kiran wanda ya turo, in tambaye shi abu biyu: kai ka turo, kuma ka buɗe? Za ku yi mamakin yawan mutanen kirki da ke amsa ta farko da sauri, su yi tari a ta biyu. Jawabin kwaɗo kuwa ban sake yin sa ba. In maganar ta taso a taro, sai in duƙufa kan rubuta bayanan zama.

Tumatirin Yaya ya kama, ya yi 'ya'ya, an ɗebe shi har kakarsa ta wuce, ruwa bai yanke ko yini ɗaya ba. Ranar rufe kanal ɗin, har yau ba a sanar ba.